Borrow da Lend: Wa Ya Karɓa, Wa Ya Bayar?

 Yau a filinmu na harshe kalmomin Turanci biyu za mu baje a faifai. Ta farko ita ce borrow, wadda ake rubutawa da b, o, r guda biyu, o, sannan w. Ta biyu kuma lend, wato l, e, n, d. Dukansu a kan aro suke magana, kowa kuma ya san su, amma da wuya a sami wasu kalmomi biyu da suka fi su ba ɗalibanmu wahala.

Duk wanda ya taɓa zama a benci a makarantar boko a Najeriya ya ji ana cewa: Borrow me your biro. Ana faɗarta a firamare, ana faɗarta a sakandare, tana bin mutum har jami'a, har ofis bayan ya fara ɗaukar albashi. Mai faɗa ya san abin da yake so, mai ji ya gane, biro ya bar wannan hannu ya koma wancan, ba wanda ya yi ƙorafi. Sai ranar da yaro ya rubuta ta a takardar WAEC ko NECO, ranar ce mai duba takarda zai ja mata jan layi ya zaftare maki. Kun kuwa san matsayin Turanci a waɗannan jarrabawa. Wanda bai sami kiredit a cikinsa ba, ƙofar jami'a ba ta buɗe masa, ko da lissafi ko likitanci yake son karantawa. A Turancin da ake koyarwa, abin da ya kamata yaron ya ce shi ne: Lend me your biro. Ko kuma ya ce: May I borrow your biro?

To mene ne bambancin? Abin da ya faru guda ɗaya ne. Wani abu ya tashi daga hannun mai shi ya je hannun wani, da sharaɗin zai dawo. Mutum biyu ne a cikin lamarin, sai Turanci ya ba kowannensu kalmarsa. Wanda ya karɓa shi ke da borrow, wanda ya bayar shi ke da lend. A ce Bala yana da keke, Audu kuma yana da tafiya kasuwa. Idan ta wajen Bala za ka ba da labarin, sai ka ce: Bala lent Audu a bicycle. Idan ta wajen Audu ne, sai ka ce: Audu borrowed a bicycle from Bala. Keke ɗaya ne, rana ɗaya ce, amma da zarar ka sauya wanda ka sa a farkon jimla, dole aikatau ya sauya. Saboda haka tambayar da mai magana zai yi wa kansa kafin ya buɗe baki ita ce: wanda ke yin aikin nan, karɓa yake yi ko bayarwa? Idan kana roƙon abokinka ya ba ka biro, shi ne mai aikin, aikinsa kuwa bayarwa ne. Ka ga ke nan lend ce tasa.

Mu shiga ginin jimla, don a nan ne suka fi rabuwa. Lend tana iya ɗaukar karɓau biyu a jere, mutum sannan abu, ba tare da wata kalma ta shiga tsakani ba: lend me a pen, lend your brother some money. A wannan hali 'yan uwanta su ne give da send da show. Yadda ake cewa give me the book, haka ake cewa lend me the book. Idan kuma ka fara kawo abin kafin mutumin, sai ka sa to a tsakani: lend the book to me. Ita borrow abu kaɗai take ɗauka. In za a ambaci mai abin, sai an sa from a gabansa: borrow a book from the library, borrow money from a friend. To tana nuna inda abu ya nufa, from tana nuna inda ya fito. Yaron da ya riƙe lend to da borrow from ya riƙe rabin darasin.

Wajen shuɗaɗɗen lokaci, borrow ba ta da rigima. A ƙara mata e da d, ta zama borrowed, shi ke nan. Lend kuwa ba ta karɓar wannan ƙari. Harafinta na ƙarshe ne ke juyewa daga d zuwa t, ta zama lent, kamar yadda send ke zama sent, spend ke zama spent. Wanda ya rubuta lended ya sake rasa maki. Haka nan idan ba ka son ambaton mai bayarwa, kana iya cewa I was lent a bicycle, wato an ara mini keke. Amma in ka ce I was borrowed, ka mai da kanka abin aron ke nan, kai ne aka ɗauka aka kai wani wuri za a dawo da kai.

Wannan shi ne abin da ke cikin littafi, kuma kowane malamin Turanci ya san shi. Abin da ya dame ni shi ne yadda ake gyaran a aji. Malam zai ce kuskure ne, ya rubuta daidai a allo, a maimaita har a gaji, wani lokaci har da tsawa, 'yan aji kuma su yi ta dariya. Washegari yaron nan ya sake cewa borrow me. Me ya sa? Saboda ba wanda ya gaya masa daga ina kuskuren ya taso. An bar shi yana ganin kansa daƙiƙi, alhali abin da ya yi aikin hankali ne. Hausa yake yi, sai dai da kalmomin Turanci.

Ku saurari harshenmu da kyau. Na ari littafi. Na ara masa littafi. A jimlar farko ni na karɓa, a ta biyu ni na bayar, amma saiwar kalmar ba ta sauya ba. Na ranci kuɗi, na ranta masa kuɗi. Na sayi doki, na sayar da doki. Na koyi karatu, na koya masa karatu. Haka Hausa take aikinta. Saiwa ɗaya take riƙewa, sai ta juya wutsiyar kalma da karin sauti, ta nuna inda aiki ya dosa. Ku ji: abin da na ara a wajensa, murya ta fara daga ƙasa ta hau. Abin da na ara masa, murya ta fara daga sama ta sauko. A rubuce haruffa uku ne iri ɗaya, amma kunnen Bahaushe ba ya taɓa haɗa su. Wannan tsari ne wani masani Bature, F. W. Parsons, wanda ya koyar da Hausa a Landan, ya kasa gida bakwai a shekarar 1960, abin da ɗaliban nahawun Hausa ke kira giredin aikatau. Turanci ba shi da irin wannan. Inda mu muke juya saiwa ɗaya, shi sai ya kawo kalmomi biyu da ba su ko yi kama da juna ba: buy da sell, learn da teach, borrow da lend.

Yanzu ku sa kanku a matsayin yaron ɗan aji huɗu. An gaya masa borrow shi ne aro. An gaya masa me shi ne mini. Yana so ya ce ara mini, sai ya haɗa biyun, ya sami borrow me. Ya fita waje kuma ya tarar da masu Turancin burokin a tasha da kasuwa haka suke faɗa. Ina laifinsa?

Maganin kuma yana cikin Hausar nan da ta jawo matsalar. Idan uwa ta leƙa gidan maƙwabta ta ce, Hajiya, ara mini rariya, rariyar ta Hajiya ce, ita za ta bayar. Amma idan ta kira 'yarta ta ce, je ki gidan Hajiya ki aro mini rariya, yarinyar ba ta da rariya, aike aka yi ta ta karɓo. Ara mini daban, aro mini daban, kuma ko yaro ɗan shekara biyar ba ya ruɗewa a kansu. To lend me shi ne ara mini. Borrow me kuwa, idan Bature ya ji shi, abin da zai fi kusa da fahimtarsa shi ne aro mini, wato je ka wani wuri ka karɓo mini. Gwada shi da buy. Buy me a pen na nufin sayo mini biro. Ba wanda zai tsaya gaban mai kanti ya ce masa buy me a pen yana nufin sayar mini, kowa ya san sell me zai ce. Yadda sell take ga buy, haka lend take ga borrow. Malamin da ya kashe minti biyar ya yi wannan bayani da Hausa, ya sa yara suka faɗi ara mini da aro mini da bakinsu, ya gama darasin da maimaici na zango guda bai gama ba. Shi ya sa nake ganin dokar nan ta hana magana da harshen gida a aji, wadda har yau wasu makarantu ke tinƙaho da ita, asara take jawowa. Ana toshe ƙofar da ta fi kusa da fahimtar yaro.

Kada kuma wani ya ɗauka Turanci ya fi Hausa tantance abubuwa. Akwai inda mu muka raba, su suka haɗe. Bahaushe ba ya aron kuɗi, rance yake yi. Ba ya rancen keke, aro yake yi. Aro shi ne abin da za ka yi amfani da shi ka mai da shi shi kansa: keke, fartanya, tsani, littafi. Rance kuwa abin da za ka kashe ko ka cinye, ka mai da madadinsa: kuɗi, mudun gero, kwalbar man gyaɗa. Wanda ya ranci naira dubu ba takardar da aka ba shi zai dawo da ita ba. A Turanci duk wannan borrow ne da lend, ko keke ne ko kuɗi. Wannan rabe-rabe namu ya yi daidai da na malaman fiƙihu, waɗanda suka bambanta ariya, wato aro, da ƙard, wato rance, kowanne da hukuncinsa. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce ta kan ariya a babin da aka haɗa ta da jingina da ajiya da tsintuwa. Larabci ma, kamar Hausa, saiwa ɗaya yake juyawa ya fitar da mai bayarwa da mai karɓa. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi kuwa, da Faransanci ya zama harshen makarantarsu, su ma kalmomi biyu suka tarar: emprunter ta mai karɓa, prêter ta mai bayarwa.

Ba mu kaɗai ne ke faɗawa wannan rami ba. A Jamusanci kalmar leihen tana ɗaukar ma'ana biyun, haka ma lenen a harshen mutanen Holan. A Amurka, a jihohin Minesota da Wiskonsin inda Jamusawa da mutanen arewacin Turai suka yi ƙaura da yawa, har yau ana jin jikokinsu, waɗanda Turanci ne harshen uwarsu, suna cewa borrow me suna nufin lend me. Duk inda harshen iyaye ya haɗe biyun, sai ka ga alamarsa ta fito a Turancin 'ya'ya.

Na san akwai masu cewa, tun da haka ne, a bar mu da Turancinmu mana. Suna da hujja. A watan Janairu na 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Turancin Najeriya, cikinsu har da okada da danfo da buka da next tomorrow da Kannywood. Wannan abin farin ciki ne, ya kuma nuna cewa harshe na masu magana da shi ne. Amma a ganina borrow me ba ta cikin wannan sahu. Okada ta zo ta cike gurbin da babu kowa a cikinsa, ba ta ture wata ma'ana ba. Ita kuwa borrow, in aka ba ta aikin lend, an rushe bambancin da ake bukata, kuma akwai wurin da rushe shi ke jawo hasara ta gaske. Tsakanin abokai a kan benci ba matsala, don idon kowa na ganin mai biro da mai nema. A takarda fa? Takarda ba ta da fuska, ba ta nuni da hannu, abin da aka rubuta kawai take faɗa.

A ce mutum ya ba abokin kasuwancinsa rancen naira dubu ɗari biyar, aka ce a rubuta don gudun mantuwa, sai ya rubuta da hannunsa: I borrowed him five hundred thousand naira. A zuciyarsa yana nufin na ranta masa. Amma kalmar da ya sa wa kansa ta mai karɓa ce. Ranar da rigima ta tashi, aka je gaban alƙali, ga lauyan ɗaya ɓangaren zaune, wannan jimla ta zama abin jayayya: wa ya ba wa? Abin da ya kamata ya rubuta shi ne: I lent him five hundred thousand naira. Mu da aka umarce mu da rubuta bashi a ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, aya ta 282 a Suratul Baƙara, bai kamata mu yi sakaci da kalmar da ke bambanta mai bin bashi da wanda ake bi ba.

Duk takardar rancen banki da za ka ɗauka, za ka ga sunaye biyu suna ta maimaituwa: the Lender da the Borrower. Na farko shi ne banki, na biyu kai ne. Duk inda aka ce the Borrower shall, nauyi ne aka ɗora maka, sai ka karanta a tsanake kafin ka sa hannu. Manoma za su tuna da shirin Babban Bankin Najeriya da aka ƙaddamar a jihar Kebbi a watan Nuwamba na 2015, wanda manoman shinkafa suka fi saninsa, mai suna Anchor Borrowers' Programme. Su wane ne borrowers a nan? Manoman ne. Sunan shirin da kansa ya faɗa cewa rance ne za a biya, ga duk wanda ya san kalmar. Tarihin kalmar ma haka ya nuna. Borrow ta fito ne daga wata tsohuwar kalmar Turanci, borg, mai nufin jingina ko lamuni. Tun asali, mai borrow shi ne wanda ya ajiye wani abu ko ya kawo mai tsaya masa kafin a ba shi. Bahaushe ya ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Tun da haka ne, gara kowa ya san sunansa a cikin takarda.

Akwai kalma ta uku da ke raɓe da borrow da lend, wato loan, l, o, a, n. Ita suna ce, ita ce abin da aka bayar ɗin, rance ko aro. Turanci ya same ta ne daga harshen mayaƙan arewacin Turai da suka zauna a wasu sassan Ingila fiye da shekara dubu da suka wuce. Ana cewa take a loan, repay a loan. Amurkawa suna amfani da ita a matsayin aikatau ba tare da wata damuwa ba, su ce loan me ten dollars, kuma a nan ma'anarta ɗaya da lend, ta mai bayarwa ce. Wasu malaman Ingila ba sa son wannan, sun fi so a bar ta a suna. Ɗalibin da ke shirin jarrabawa ya riƙe lend a matsayin aikatau, loan a matsayin suna, ba zai yi nadama ba. Masu bin ƙwallon ƙafa kuwa kullum suna jin ta. Lokacin da Ahmed Musa ya koma CSKA Moscow daga Leicester City a watan Janairu na 2018, on loan ya tafi. Haka Victor Osimhen ya bar Napoli zuwa Galatasaray a watan Satumba na 2024. Masu fassara labarin wasanni suka ce a matsayin aro, kuma sun yi daidai, ba su ce rance ba, don ɗan wasan shi kansa ake sa ran ya dawo.

Sai a kula da iyakar kalmomin biyu. Idan kaya ne, borrow da lend na nufin ba a biya ko kwabo ba. Da zarar kuɗi ya shiga, an koma rent ko hire. Wanda ya karɓi kujeru da rumfa don biki ya biya, hire ya yi, kuma daga wannan kalma ce muka sami tamu ta haya. Rancen kuɗi ne kawai ya fita daga wannan ƙa'ida, don ko banki ya ɗora ruwa a kai, lend ya yi, kai kuma borrow ka yi.

A salon magana ma kowace tana nan a ɓangarenta. Idan Bature ya ce lend me a hand, taimako yake nema, kama mini yake cewa. Lend an ear kuwa shi ne ba da aron kunne, a saurari mai magana. Duka bayarwa ne. Ta wajen karɓa kuma ana cewa borrow an idea, borrow a word, kamar yadda mu ma muke cewa kalmomin aro, ko mu ce wani ya ari bakin wani ya ci masa albasa. Yaran firamare ma suna haɗuwa da ita a lissafin ɗebewa, inda malam ke cewa borrow one, ari ɗaya daga gidan da ke kusa. A nan ba wanda ya taɓa yin kuskure ya ce lend one, saboda yaro na gani da idonsa cewa gidan da ya gaza shi ne ke karɓowa.

Lokaci ya cim mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu ɗauki owe, kalmar da ke juya wa Bahaushe maganar ina bin sa bashi, inda wanda muke sawa a farkon jimla Turanci ke mai da shi ƙarshe.